Iccen da Ya Yi Ganye da Kwanukana

Lahadi, da hantsi

Ana jin su daga nan. In iska ta bi ta Jardan, ƙarar tana shigowa har tsakar gidanmu, kamar ana wanke-wanke a wani gidan biki can nesa. Jiya da safe na ɗauka babu sauti mai daɗinta. Yau na rufe taga.

Jiya aka buɗe iccen. Magajin gari ya zo, tsofaffin ma'aikatan ramin ma'adini sun zo da hulunansu na aiki, aka ja farin ƙyalle, sai ga aduwa ta ƙarfe tsaye a tsakiyar Jardan, filin shaƙatawar Akokan, ta fi rufin gida tsawo, rassanta cike da ganye ja da kore da shuɗi suna walƙiya. Aka yi ta tafi. Fatahu ya tsaya gefe yana murza hularsa, ya rasa inda zai sa idonsa. A littafin nan kaɗai nake kiran sunansa, amma jiya na so in kira shi da ƙarfi kowa ya ji, in ce mijina ne ya yi wannan.

Sai Hajiya 'Yargata ta ɗaga kai. 'Yar garinmu ce, Damagaram, tana sayar da atamfa a kasuwar nan. Ita Inna ta damƙa wa amanata da aka kawo ni, kuma ita ta jagoranci jeren ɗakina. Ta daɗe tana kallon rassan, ta kare rana da hannu.

"Ke Radiyya, zo nan. Wancan murfin mai jan fure, ba na fantekarki ba ne? Da hannuna na goge shi ranar jere."

Matan Damagaram duk suka ɗaga kai. Wata ta ce ga na langa can. Wata ta ce la ilaha illallahu, har da kwalla an yanka.

"Kayan ɗakinki ne rataye a fili, maza na zaune a ƙarƙashi?" in ji Hajiya. "Da saninki ya yi wannan?"

Na ba ta amsa. Ba gaskiya ba ce, kuma ba zan iya rubuta ta yau ba.

Litinin, bayan azahar

Ni na ba shi. Bari in fara rubuta wannan, tunda shi ya fi sauƙi.

Tun da aka rufe ramin ma'adinin ya buɗe atiliye, wato shagon walda, a bakin kasuwa, yana yin ƙofofi da gadaje. Da ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta ce a yi wani abu a Jardan, tunda duk iccen da aka dasa ƙishirwa ta kashe shi, sai ya ce shi zai yi wanda ba ya shan ruwa. Jikin iccen ya haɗa shi da ƙarafunan matattun kamiyo, manyan motocin kaya na hanyar Assamakka. Ganye ne ya gagara. Tsohon ƙarfen ma'adini yana nan tuli, amma meri, wato hukumar magajin gari, ta ce kada a sa shi inda yara ke wasa, don yana da guba, in aka kara masa na'urar awo kuka take yi. Ya gwada gwangwani da fenti, rana ta cinye fentin tun bai gama reshe ɗaya ba. Ya riƙa dawowa gida ya zauna ya zuba wa ƙasa ido.

Ni kuma ina kwance da littafi a hannu. A cikinsa yarinyar ta kwashe duk abin da ta mallaka ta ajiye a gaban wanda take so, ko waiwaye ba ta yi ba. Na ɗaga ido sai ga durowar gilas, jerena tun daga ƙasa har sama. Ba mu taɓa cin abinci a ko ɗaya ba. Na ce masa ya ɗauka, launin kwanukan nan ba ya dusashewa, koren nan na kakata ma kamar jiya aka saye shi.

Ya ce, "A'a, Radiyya. Wannan gumin Inna ne."

Na ce nawa ne, ni aka yi wa.

Ya ce, "Kin san abin da za a ce da namijin da ya taɓa kayan ɗakin matarsa."

Na yi kuka. Na ƙi cin abinci. Na ce ashe bai ɗauke ni abokiyar rayuwarsa ba, kuma ko wannan maganar ba tawa ba ce, a littafin na tsince ta. Ni na zuba su a buhu, ni na kai atiliye da rana tsaka lokacin da unguwa ke barci. Murafan ya huda ya rataye, kwanukan ya yanka ya fitar da ganye. Na sa wa durowar labule.

Duk tsawon aikin ban taɓa tunanin Inna ba. Wallahi ko sau ɗaya. Tunanina yadda zai dube ni ranar buɗewa.

Talata, da asuba

Abin da na ce wa Hajiya shi ne: "Ni ma gani na yi."

Laraba, da marece

Na je kasuwa. Mai tumatir ta ƙara mini gyara ba tare da na roƙa ba, ta ce, "Sannu, baiwar Allah, haƙuri za ki yi." Wata ta riƙe mini hannu ta ce ita da nata mijin ne da tuni tana gidansu. Duk inda na bi ana sassauta murya.

Ga abin da ya fi muni. Na ɗan ji daɗi. Na sunkuyar da kai, na gyara mayafi, na ji ni kamar wadda ake zalunta a tsakiyar labari, wadda mai karatu ke yi wa kuka. Har na iso kwanar atiliye ina tafiyar nan a hankali.

Samarin da ke shan shayi a gefen atiliyen sun sa wa Fatahu suna. Mai Langa. Ɗaya ya ɗaga kofinsa yana cewa, "Mai Langa, wannan ma ka huda? Zai yi ƙaramin ganye!" Suka kwashe da dariya. Yana durƙushe da gilashin walda a fuska, bai ɗago ba. Ni ma ban tsaya ba.

Da ya dawo ya ce Malam Ramalan, wanda ya ba shi aikin gadon 'yarsa da za a aurar, ya zo ya kwashe ƙarafunansa ya kai wani wuri. Na tambaye shi dalili, kamar ban sani ba. Ya ce wai yana tsoron kada gadon ya yi masa kyau ya mai da shi reshe. Ya faɗa yana murmushi, ya wanke hannu, ya ci tuwonsa duka, ya ce miyar ta yi daɗi.

Miyar ba ta yi daɗi ba. Na manta gishiri.

Alhamis, da hantsi

Iska tun safe. Ana jin su.

Juma'a, bayan la'asar

Hajiya ta kira Inna.

Saƙon murya ya shigo ina shara. Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari, kuma yau ko "ke 'yar nan" ɗin ba ta ce ba. Ta ce ta ji. Ta ce shekarun da ta yi gaban kaskon ƙuli-ƙuli har idonta ya lalace ba don wani ya yi wa gari ado ta yi su ba. Ta ce za ta hau motar bis ta biyo ta Agadas, in haɗa abin da ya rage mini, tare za mu koma. Kawu Khalidu zai kira Fatahu kan maganar takardar saki.

Na saurara na sake saurara. Na danna wurin amsawa, na ce, "Inna," sai na goge. Na sake, na ce, "Inna, ina wuni," na goge.

Shi ba zai iya faɗa mata ba. Tun da aka yi aurenmu ba su taɓa haɗa ido ba. In ta zo, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango. Ko da ba haka ba ma, na san shi. Ba zai ce wa surukarsa 'yarki ce maƙaryaciya ba. In ba ta bakina ba, babu ta inda maganar za ta fita.

Asabar, da azahar

Na ɗauki littafi na ajiye. Na ɗauki wani. Duk cikinsu in lokacin faɗin gaskiya ya zo, yarinyar tana miƙewa ne ta yi magana shafi guda, kowa ya yi tsit, wasu su yi kuka. Babu wadda bakinta ke bushewa.

Litinin, da marece

Dassin ta leƙo ta katanga. Maƙwabciyata ce, Buzuwa, mijinta direba ne. Ta ce in zo in sha shayi, in ba haka ba za ta hauro.

Na ce mata ko za ta ara mini kwanuka in cika durowar kafin Inna ta iso. Ban san abin da nake tunani ba. Ta yi dariya har shayin ya zube.

"Kwanona na roba ne. Uwarka makaho ne?"

Haka take Hausarta, kowa namiji ne a bakinta. Da can nakan yi mata dariya. Ta zuba mini, ta ɗaga butar sama yadda suke yi, ta jira kumfa ya kwanta.

"Kai Radiyya. Ni na gan ka da buhu."

Na ce wane buhu.

"Rana tsaka. Ka fita, ka dawo, ka fita. Buhu yana kuka kacau-kacau. Na ce wannan yarinya ya haukace, ko ya yi yaji."

Na rufe fuska da mayafi. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba, ba maganarta ba ce. Ta ce a wurinsu tanti na mace ne da duk abin da ke ciki, in ta ga dama ta bayar, babu mai tambayarta.

"Ka ba mijinka, ina ruwan 'Yargata? Amma yanzu ka bar shi shi kaɗai a bakin kasuwa, yara na yi masa waƙa. Wannan ne ban gane ba. Sha shayi, ya huce."

Ban san ana yi masa waƙa ba.

Laraba, da rana tsaka

Na je Jardan. Na zaɓi lokacin da ba kowa, na ja mayafi har hanci.

Ashe akwai mutane. Tsofaffin ma'aikata sun shimfiɗa tabarma a gindin iccen, wasu na dara, ɗaya na ta tarin nan nasu da ba ya ƙarewa. Ban san yana da inuwa ba. Murafan sun yi wa ƙasa dabbare-dabbare, in iska ta kaɗa sai inuwar ta yi ta rawa a kan rigunansu. Yana da kyau. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma yana da kyau fiye da yadda na zana shi a raina. Ƙayoyin aduwar ma ya yi su, da ƙusoshi.

Amumun, tsohon da ke gadin wurin, ya zo da butar ban-ruwa duk da babu abin da zai ba ruwa sai wasu 'yan tsirrai a bakin ƙofa. Bai gane ni ba.

"Kin zo kallo, 'yata? Dubi can, cikin shuɗin nan. Tsuntsu ya fara kai ciyawa. Shi bai san ƙarfe ne ba."

Na duba. Sama da shuɗin, a reshen ƙoli, ga koren murfin kakata yana juyawa shi kaɗai.

"An ce mai aikin kayan matarsa ya kwashe tana barci," in ji shi. "Ni ban sani ba. Yaron kirki na san shi. Amma mutum sai Allah. Ita dai Allah ya ba ta haƙuri."

Na ce amin.

Na ce amin! Har gida ina jin kalmar a bakina kamar na tauna yashi.

Alhamis, bayan magariba

Fatahu ya je Arlit sayen sandunan walda, ya dawo mini da sabon littafi, kamar yadda ya saba. Ya ajiye a kan tabarma. Na kasa taɓawa.

Ya ce ya yi shawara. Ranar da Inna ta iso zai ɗauki tsani ya sauke su duka a gabanta, ya zuba a buhu ya mayar mata, ya aiki Hajiya ta ba ta haƙuri. Wataƙila in ta ga haka ta bar ni.

Na ce in ya sauke me zai rage.

"Ƙaya," in ji shi.

Na ce in ya sauke ai ya amsa laifin ke nan.

"To."

"Maigida, ka ji abin da na ce wa Hajiya?"

"Na ji tun ranar."

"Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Mata sun kewaye ki, ke kaɗai. Ni ma da ni ne ban san abin da zai fito bakina ba." Ya jawo takalmansa. "Kuma ni na riƙe almakashin, Radiyya. Na san bai kamata ba. Na ga launin ne na kasa."

Da ya zage ni. Da ya ɗaga murya ko sau ɗaya, in samu abin da zan yi kuka a kai. Ya tashi ya tafi masallaci, ya bar ni da littafi mai hoton fure a bango.

Asabar, da hantsi

Su Inna sun kwana a hanya, mota ta lalace bayan Agadas. Na haɗa kayana a akwati. Na kwance. Na sake haɗawa.

Lahadi, bayan azahar

Ta iso.

Ta rame, ko kuwa hanya ce. Ƙafafunta sun kumbura. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta wuce ɗaki kai tsaye ta ɗaga labulen durowar. Ta daɗe a tsaye. Ta sa yatsa ta shafa katakon, inda gindin kowane kwano ya bar zobe a cikin ƙura. Sai ta saki labulen a hankali, ta gyara masa zama kamar ana rufe fuskar mamaci.

Na kawo ruwa ta sha. Na kawo abinci ta ce ta ƙoshi.

Fatahu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, an zo lafiya? Ya hanya?" Ba ta amsa ko wa bango ba. Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Muna nan mu biyu a ɗaki, babu kowa. In da zan faɗa, yanzu ne. Ta ce, "Ya buge ki ne da zai ɗauka?" Na ce a'a. Ta ce, "To Alhamdu lillahi." Na buɗe baki, sai ta juya ta tayar da salla.

Ta ce gobe da la'asar a kai ta ta gani da idonta. Laraba mu tafi.

Talata, da hantsi

Zan rubuta yadda ya faru, ba yadda zan so a karanta ba.

Mun tafi jiya da la'asar, ni da Inna da Hajiya 'Yargata. Kafin mu isa matan Damagaram sun taru, ban san wa ya gaya musu ba. Dassin ta biyo mu da goyonta. Tsofaffin suka naɗe tabarmarsu suka ja gefe. Fatahu yana can ya riga mu, ya jingina tsani, ga buhuna a ƙasa.

Inna ta tsaya a gindin iccen ta ɗaga kai. Ba ta yi kuka ba. Ta fara nunawa da yatsa, a hankali, kamar mai gabatar da dangi. Wancan a shekarar da gyaɗa ta yi tsada ta saye shi. Wancan Gwaggo ce ta ba da gudummawa. Waccan samirar tun ina goye ta fara tara ta, ɗaya bayan ɗaya, tana ɓoyewa ƙarƙashin gado. Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na zauna da su a ɗaki ɗaya ina karanta labarin wasu.

Hajiya ta ce masa, "To Malam, bisimilla. Sauke abin mutane."

Ya hau. Ya sa hannu a murfi na farko, mai jan furen.

Na ce, "Inna, ni ce." Babu wanda ya ji, iska na kaɗa murafan. Na sake faɗa, sai ta fito da ƙarfi fiye da kima, kamar mai kiran akuya. Kowa ya juyo.

Babu shafi guda. Abin da na iya ke nan: "Ni na ba shi. Ya ƙi, na yi masa kuka. Ni na kai a buhu. Dassin ta gan ni."

"Na gan shi," in ji Dassin. "Buhu ya fi shi girma."

Wani cikin tsofaffin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amumun ya dube ni, ya dubi mayafina, na ga lokacin da ya gane ni.

Hajiya ta riƙe haɓa. "To 'ni ma gani na yi' ɗin fa?"

"Ƙarya na yi."

"Kika bar ni na tayar da tsohuwa tun daga Damagaram? Kika bar mu muna tsine wa bawan Allah?"

Na ce e. Na ji matan na salati, wata na cewa littattafan nan ne suka cinye mata kai. Na jira mari. Na so marin.

Inna ba ta dube ni ba. Ta taka, da kumburarrun ƙafafunta, har gindin tsanin. Ta ɗaga kai ta dube shi a fuska, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam Fatahu."

Saura kaɗan ya faɗo. "Na'am, Inna."

"Bar su. Abin da aka yanka ba zai koma kwano ba. Koren can na ƙoli kaɗai za ka sauko mini da shi. Na uwata ne. Ba ita ta haifi marar hankali ba, ni ce."

Ya hau har sama ya kwance shi, ya sauko ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta goge shi da bakin zanenta ta sa a hammata. Ta ce masa ya yafe mata zargin da ta yi. Ya ce babu komai, Inna, babu komai, kansa a ƙasa.

Muka dawo gida tana gaba ina baya. Ba ta ce mini uffan ba.

Laraba, da asuba

Ta tafi ita kaɗai. Shi ya ɗaukar mata jaka zuwa tasha. Na durƙusa na ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce amin, ta faɗa wa bango.

Juma'a, da marece

Na je kasuwa don dole. Babu gyara. Mai tumatir ta ce wa ta kusa da ita, "Ga Ni-ma-gani-na-yi nan." Sunan ya bi ni har layin masu nama. Ban ja mayafi ba. Na sayi abin da zan saya.

Malam Ramalan ya mayar da ƙarafunan gadon. Wai wancan mai waldar bai iya ba.

A reshen ƙoli akwai wuri fayau inda koren yake. Maigida ya tambaye ni me za a sa. Na ce a bar shi haka.

Lahadi, da hantsi

Wayarsa ta yi ƙara muna karyawa. Ya duba, ya miƙe zumbur, sai kuma ya durƙusa a tsakar gida da wayar a kunne, kamar tana gabansa. Inna ce. Ba ta taɓa kiran lambarsa ba. Tawa tana nan kusa da ni a kan tabarma, shiru.

Na ji muryarta ƙasa-ƙasa. Ya yi ta cewa, "To, Inna. In sha Allahu, Inna." Da ya ajiye ya zauna yana share gumi.

Na ce me ta ce.

Ta isa lafiya. Ta ce hujin da ya yi wa murfin uwarta, ƙuda zai riƙa shiga, in ya zo da salla ya taho da abin da zai toshe. Ta tambaya ko tsuntsun da mai gadi ya nuna mata ya gama sheƙarsa.

"Shi ke nan?"

"Ta ce in gaya wa waccan ta riƙa cin abinci." Ya jawo kofinsa. "Kuma wai ki cire labulen nan. Ta ce wanda ya bayar ba ya rufewa."

Ban san yaushe za ta sake yi mini magana da bakinta ba. Na tambaye shi, ya ce shi ma bai sani ba.

Na cire shi. Babu komai a ciki sai zobban nan a cikin ƙura, manya da ƙanana, kowanne a inda Hajiya ta ajiye shi ranar jere. Na ɗauko tsumma zan goge, na fasa.

Iska ta taso. Na buɗe taga.